Zauren Gem: Baƙin Ƙuda, wata na bogi da tekun da ya ƙafe

Assalamu alaikum, masu karatu. A fitowar da ta gabata wani ya tambaye ni gem ɗin da ya fi zauna mini a rai cikin shekarun da na yi ina riƙe da shago, na ambaci Metal Black a layi ɗaya na wuce abina. Ban zaci wani zai tsaya a kai ba. Sai ga saƙonni bakwai duk a kansa. Ɗaya gaisuwa ce kawai, na gode, Allah ya bar zumunci. Biyu kuma tambayarsu iri ɗaya ce, na haɗe su. Don haka zauren wannan wata na Metal Black ne gaba ɗaya. Masu jiran amsa kan gyaran hannun PS4, wato abin riƙewa mai maɓallai da ake sarrafa gem da shi, su ƙara haƙuri.

TAMBAYA: Kawu, barka da aiki. Yayana ya bar mini tsohuwar PS2 da ledar faya-fayai, a ciki na tarar da Taito Legends 2, kuma Metal Black na ciki. Na sa shi saboda maganarka, amma gaskiya ban ga abin da ka gani ba. Ɗan jirgi ne yana tafiya dama yana harbi. Babu canjin bindiga, babu garkuwa. Wasu ƙananan abubuwa masu launi suna yawo, na kwashe su, na danna maɓalli na biyu, wuta ta cika allo, daga nan ƙarfina ya ƙare, bos na farko, wato babban maƙiyin da ke ƙarshen zango, ya gama da ni. Sau biyar ke nan. Ina dabarar take? Daga ɗalibi a Fagge, Kano.

AMSA: Ƙanena, irin faifan da ke hannunka ne ya haɗa ni da wannan gem. A 2008 ina da shago a cikin birni, talabijin uku, PS2 biyu. Na sayi kwalin faya-fayan gwanjo saboda ƙwallon da ke ciki, wannan na Taito ya biyo su a ƙasan kwali. Babu yaron da ya taɓa miƙo kuɗinsa ya ce a sa masa shi. Ƙwallo suke so, da kokawa, da Mortal Kombat. Sai da dare, in na sallami kowa, kafin in kashe janareta, nake sa shi ina bin tsofaffin wasannin ciki ɗaya bayan ɗaya. Daren da na zo kan Metal Black, abin da ya same ka shi ya same ni, kuma a wuri ɗaya.

Ka fara sanin inda ya fito, don shi zai gaya maka dalilin tsaurinsa. Kamfanin Taito na Japan, wanda ya yi Space Invaders a 1978, shi ya fitar da shi a 1991. Don gidajen wasa na kuɗi aka yi shi, inda ake jera manyan akwatuna masu allo, mutum ya jefa sulallan yen 100 ya samu 'yan rayuka. Mai gidan ba ya son ka kwana a kan kujera da sulalla ɗaya. Ni da na riƙe shago na san wannan lissafin sarai. Saboda haka an gina gem ɗin yadda zai kashe baƙo da wuri, ya kuma bar wanda ya haddace hanya ya yi nisa. Mutuwa biyar ba komai ba ce a nan, karatu ne ka fara.

Irin waɗannan wasanni, da allo ke tafiya da kansa daga dama zuwa hagu kai kuma kana kaucewa kana harbi, suna da dangi babba. Konami ta yi Scramble a 1981, ta yi Gradius a 1985, Irem ta yi R-Type a 1987, ita Taito kuma tana da Darius. A Gradius kana tsintar kaya kana zaɓe: ƙarin gudu, makami mai linzami, ƴan rakiya masu taya ka harbi, garkuwa. Da wannan ido ka shiga Metal Black, shi ya sa ka ga kamar babu komai a ciki. Masu shi sun kwashe duk wannan sun bar abu ɗaya tak.

Waɗannan ƙwayoyi masu launi da ka ga suna shawagi kamar ƙaiƙayi a masussuka, sunansu Newalone. Duk wadda ka haɗiya tana ƙara cika ma'aunin da ke ƙasan allo, kuma gwargwadon cikarsa gwargwadon kaurin harbinka. Da farko harbin siriri ne kamar tsinke. In ma'aunin ya kai maƙura sai ya yi faɗi, yana share na gabanka har da wanda ya ɗan kauce sama ko ƙasa. Maɓalli na biyu kuwa, wanda ka danna, shi ke zazzage duk abin da ka tara. In ma'auni a cike yake ka riƙe maɓallin, wata ƙatuwar sandar haske za ta miƙe gaba. In ka saki, sai ta tarwatse ta zama walƙiya ta bi ko'ina a allon. Kafin ka ankara rumbu ya yi wayam, ka koma harbin tsinke. Wato abincinka na yau da ajiyarka ta ranar wuya duk a tukunya ɗaya suke. In ka riƙe, kana da ƙarfi amma wata rana za a rutsa ka a lungu. In ka zubar, ka tsira yanzu amma ka fito tsirara. Duk daƙiƙa wannan tambayar ce a gabanka, kuma babu wanda zai amsa maka ita.

To ga abin da ya sa na gyara zama a kan benci a daren nan. In ka koma wurin bos, ka daina kallon jirginka na ɗan lokaci, ka kalle shi. Ƙwayoyin suna ci gaba da zubowa a filin faɗan, kuma shi ma ci yake yi. Duk wadda ka bari ta wuce ka, cikinsa za ta. In ya ƙoshi sai ya buɗe ya sako tasa sandar hasken, irin taka sak. Rijiya ɗaya kuke sha da shi. Ban taɓa ganin haka a wani gem kafin wannan ba. Na saba da bos mai makaminsa daban, wanda aka ba shi tun daga gida. Wannan kuwa a gabanka yake tara nasa, daga abin da kai ma kake buƙata.

In ya sako tasa kai ma ka saki taka suka yi karo, sai wani dunƙulen wuta ya taso a tsakani, kamar raguna biyu sun haɗa kai. Daga nan turereniya ce. Wanda ajiyarsa ta fi yawa, ya kuma fi saurin danna maɓalli, shi ke tura dunƙulen ya faɗa kan ɗan'uwansa. Ranar da na fara cin wannan karo, babban yatsana ya kwana yana zogi, amma na rufe shago ina murmushi ni kaɗai a layi.

Kuskurenka, in na fahimci wasiƙarka, shi ne kana zubar da ajiyarka a hanya ko da zarar bos ya bayyana, sai ya zamana lokacin da zai sako tasa kai ba ka da abin tarewa. Ka iso gare shi da ma'auni a cike. Ka riƙa shiga tsakaninsa da ƙwayoyin kana riga shi, ka bar shi da yunwa. Ka jira shi ya fara, sannan ka amsa. In ka ga ba ka da ƙarfin karo, kauce wa layin sandar kawai, ba dole sai an yi turereniya ake cin sa ba.

Sauran kuma sai hannu ya saba. Jirgin ba shi da ƙarin gudu, yadda ka fara haka za ka gama, don haka kada kwaɗayin ƙwaya ɗaya ya ja ka jikin bango. Kada ka lafe a ƙarshen hagu na allo, akwai masu zuwa ta baya kuma ba ka da bindigar baya. A nan ne walƙiyar ke da rana. Wannan ma shi ne aibin gem ɗin da ba zan ɓoye maka ba: daga zango na huɗu zuwa na biyar akwai wuraren da babu yadda za a yi baƙo ya tsira sai ya mutu ya haddace. Ni ina ganin sun wuce gona da iri a can. In kana da aboki, ku jona hannu na biyu, mutum biyu na iya yi tare, sai dai ku sani ƙwayoyin da za ku raba su ne dai waɗannan.

TAMBAYA: Malam, ni malamin makaranta ne, na kalli gem ɗin daga farko har ƙarshe a YouTube. Rubutun Turancin da ke farko da na ƙarshe duk sun ɗaure mini kai. Mene ne labarin? Kuma tauraron da suke kira Nemesis, akwai shi da gaske? Daga Tudun Wada, Zariya. Wani mai karatu daga Katsina ma ya yi irin wannan tambaya.

AMSA: Malam, ba laifin Turancinka ba ne. Daga Japananci aka juyo rubutun, kuma juyin bai fita da kyau ba. Wanda ba ya son a ɓata masa ƙarshen labari ya tsallake wannan amsa.

Labarin ya ce a shekarar 2042 wani tauraro ya bayyana kusa da duniyar Mushtari, ya hargitsa duwatsun da ke shawagi a sararin samaniya, suka yi ta zubowa a kan duniyarmu. Ana cikin wannan masifa sai ga wasu baƙin halittu, su ne ake kira Nemesis, suka auka wa abin da ya rage. Sojojin duniya suka kasa, domin makamin baƙin ya fi ƙarfinsu. Masana suka gano cewa da Newalone makamin ke aiki, suka kwaikwaya, suka ƙera jirgin CF-345, wanda suka sa wa suna Black Fly, wato Baƙin Ƙuda. An ƙera guda 20,000. Amma kafin a tashe su, shugabanni suka sa hannu a yarjejeniyar miƙa wuya, aka kulle jiragen. Rubutun farko ya rufe da cewa duniya ta mutu, tana shirin shiga zamanin shiru. A 2052 sai matuƙi ɗaya, John Ford, ya saci ɗaya daga cikin jiragen ya tashi shi kaɗai. Kai ne shi.

Ka ga tun daga nan ya bambanta da 'yan'uwansa. A sauran wasannin, kai ne zaɓaɓɓen da duniya ta tura, ana yi maka addu'a. A nan babu wanda ya aike ka. Maƙiyi ya riga ya ci yaƙin, an rufe littafi, kai ne ka ƙi yarda. Kuma zangon farko yana nuna maka abin da kake faɗa a kansa: birni ya zama kufai, yashi ya binne gine-gine, teku ya ƙafe. Can za ka hango wani ƙaton jirgin ruwan yaƙi, irin mai ɗaukar jiragen sama, a yashe a kan tudu. Kana matsowa sai ya motsa. Ashe wata ƙatuwar ƙaguwa ce ta mayar da shi kwansonta, irin ƙaguwar nan da ke shiga bawon wata halitta ta yi gida. Makami mafi girma da ɗan'adam ke taƙama da shi ya zama bukkar ƙwaro. Babu wanda ya yi maka bayani, kai ne za ka gani ka gane. Wanda ya jagoranci aikin, Takatsuna Senba, mai zanen fina-finan katun ne kafin ya shiga Taito, kuma hakan ya fito a yadda yake ba da labari da hoto kawai. A farkon kowane zango ana rubuta sunan zangon da sunan kiɗan da zai raka ka, kamar a fim. Yasuhisa Watanabe na ƙungiyar Zuntata, makaɗan Taito, shi ya yi kiɗan, kuma na zangon farko mai sanyi ne, mai ɗauke da bege, a kan wannan kufai. Har yau in na ji shi sai tsigar jikina ta tashi.

Wani abu da zai ja hankalinka a matsayinka na malami: sunan bos na farko Apartheid, sunan mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu. Gem ɗin ya fito shekara ɗaya bayan sakin Nelson Mandela daga kurkuku a 1990, a shekarar da aka soke manyan dokokin wariyar.

A zango na biyu ka bar duniya, sai ka ga wata biyu a sama. Ɗaya na gaske ne. Ɗayan yana biye da kai a hankali yana girma, har ya fashe kamar ƙwai, bos ya fito daga ciki. Bayan zango na ɗaya da na uku akwai ɗan wasan ƙarin maki, inda kake kallo daga cikin jirgi kana saita makamai masu linzami. Wannan bai dame ni ba, hutun yatsa ne kawai.

Zango shida ne duka. A na ƙarshe, kana faɗa da bos, bayansa hotuna na wucewa: ƙasusuwan halittun da suka shuɗe, tarihin ɗan'adam, yaƙe-yaƙe, har da fuskar kyanwa. In ka ci shi, abin da za a nuna maka duniyarmu ce ta rabe biyu. Sai rubutu ya tambaya: wannan hoton harin ƙarshe ne na maƙiyi, ko numfashinsa na ƙarshe, mafarki ne ko gaske? Daga baya a nuna teku cike da ruwa. Shi ke nan. In kuma rayukanka suka ƙare a wannan zango, labarin wani ne daban: mutuwar matuƙin ta tayar da sojoji, sauran jiragen da aka kulle suka tashi gaba ɗaya. Ka duba wannan da kyau, Malam. In ka faɗi, jama'a ta farka. In ka yi nasara, ba ka san ko ceto ka yi ko ɓarna ba.

Fahimtata, kuma tawa ce ni kaɗai, ita ce ƙarshen yana komawa kan ƙwayoyin nan ne. Tun daga daƙiƙar farko da makamin maƙiyi kake yaƙi, abincinsa kake ci, haskenka da nasa ba a bambance su. Rabin sa'a yatsunka suna koyon haka kafin a faɗa maka da hoto. Shi ya sa da aka nuna mini duniya a rabe ban ji an yaudare ni ba. Na ajiye hannu, na zauna, janareta na ta ƙara a waje, ban tashi na kashe shi ba sai can.

Batun tauraro kuwa, sunan yana da asali. Nemesis a tatsuniyoyin Girkawan da sunan gunkiyar sakayya ce. A 1984 wasu masana taurari suka kawo hasashen cewa wataƙila rana tana da wani abokin tafiya, tauraro mai dishi-dishi da ke nesa ƙwarai, wanda duk bayan shekara kusan miliyan 26 yake matsowa ya turo taurari masu wutsiya zuwa duniya, halittu su ƙare da yawa. Suka sa masa wannan suna. An nema da na'urorin hangen nesa ba a same shi ba. Masu gem ɗin sun ɗauki sunan da batun ruwan duwatsu, suka mayar da shi kusa da Mushtari.

TAMBAYA: Kawu, ɗan'uwana ya nuna mini zangon farko a waya. Da na ga jirgin ruwa a kan yashi sai na tuna kakana, wanda masunci ne. Yana nuna mana inda suke ɗaure kwalekwale a da, yanzu wurin gona ce da ƙaya. Ko masu gem ɗin da Tafkin Chadi suke? Daga Difa, Nijar.

AMSA: Ɗana, wasiƙarka ta fi duk sauran taɓa ni. Cikin labarin gem ɗin, duwatsun sama da baƙin halittu ne suka busar da teku, kuma birnin da aka zana birni ne mai dogayen benaye, ba garin masunta ba. Amma abin da idonka ya gani gaskiya ne. A shekarun 1960 faɗin Tafkin Chadi ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da na 1980 ya janye shi har ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma na hakan, garuruwan da ke bakin ruwa suka wayi gari ruwan ya yi musu nisa. Akwai kuma Tekun Aral a tsakiyar Asiya, wanda aka karkatar da kogunan da ke shayar da shi don noman auduga a zamanin Tarayyar Sobiyat. A garin Moynaq na Uzbekistan har yau jiragen kamun kifi na nan a kan yashi sun yi tsatsa. Yaro a Tokyo a 1991 yana kallon wannan zango a matsayin abin da zai iya faruwa nan gaba. Kai kuwa kakanka ya riƙe hannunka ya nuna maka wurin. In yana raye, ka zauna da shi ka ɗauki muryarsa a wayar nan, sunayen wuraren da sunayen kifayen duka. Ka gaishe mini da shi.

TAMBAYA: Malam, ɗana mai shekara 11 ya karanta shafinka a mujallar babansa, yanzu ya dame ni sai an nemo masa wannan gem. Ni ban san komai a kai ba. Akwai abin da zai ɓata tarbiyya a ciki? Ina tsoron irin waɗanda ake yanka mutane. Daga wata uwa a Unguwar Rimi, Kaduna.

AMSA: Hajiya, Allah ya saka da alheri da kika tambaya kafin ki saya. Ta fuskar da kike tsoro, hankalinki ya kwanta. Babu jini, babu yanka, babu zagi. Jirgi ne ke harbin injuna da wasu halittu masu kama da ƙwari da kifaye. Babu caca, babu hira da baƙi ta intanet, babu inda za a ce ya sa kati ya sayi wani abu a ciki. Wanda ya iya yana gama shi cikin kusan rabin sa'a, don haka yana da sauƙin yanka wa lokaci: in an idar da aikin makaranta, zagaye ɗaya ko biyu, a kashe kafin magariba.

Abin da nake so ki kula da shi daban ne, kuma da gaske nake. Gem ɗin yana da walƙiya sosai. In aka saki sandar haske, ko bos ya fashe, allon yana ƙyafƙyafta launuka da sauri. Akwai mutanen da irin wannan haske ke tayar musu da farfaɗiya, wasu ma ba a san suna da ita ba sai ranar. A watan Disamba na 1997 wani shirin katun na Pokémon da aka nuna a talabijin a Japan ya kai yara sama da 600 asibiti saboda haske mai ƙyaftawa. In yaronki ya taɓa faɗuwa, ko akwai mai farfaɗiya a gida, kada ya yi shi sai kin ji ta bakin likita. In babu, to ya zauna nesa da allo, fitilar ɗaki a kunne, kada ya yi a cikin duhu ko yana jin barci. In ya ce kansa na juyawa ko idonsa na ciwo, a kashe nan take. A shagona ban taɓa barin yaro ya manna fuska a talabijin ba, ko da kuwa zai yi fushi ya tafi da kuɗinsa.

Labarin yana da nauyi, amma a shekarunsa jirgin da ƙaguwar zai gani. Zai ji haushin yawan mutuwa. Wannan ki bar shi da shi, zai koyi sake gwadawa.

TAMBAYA: Yallaɓai, in gem ɗin ya kai yadda kake faɗa, me ya sa ba mu taɓa jin sa ba? Kuma ina ake samunsa yanzu? Daga mai gyaran waya a Maraɗi.

AMSA: Ya zo a mugun lokaci. A 1991 ɗin nan Capcom ta fitar da Street Fighter II, matasa suka koma layin dambe, masu gidajen wasa suka bi kuɗi, wasannin jirgi suka koma lungu. Sannan bai sauka a Mega Drive ko Super Nintendo ba, balle kaset ɗin nan masu wasanni barkatai da muka taso da su, waɗanda su ne suka iso kasuwanninmu. Sai a 1996 ya shiga gida, a Sega Saturn, a Japan kaɗai. Mu nan sai da Taito Legends 2 ya fito a Turai a 2006, gwanjonsa ya gangaro, sannan irina suka yi tuntuɓe da shi.

Amma waɗanda suka gan shi ba su manta ba. Turereniyar haske ta sake fitowa a G-Darius na Taito a 1997, an ƙara mata girma. Wasu tsofaffin ma'aikatan Taito da suka kafa kamfanin G.rev sun yi Border Down a 2003, wanda kowa ya gani ya san jinin Metal Black ne, kuma Watanabe ɗin dai shi ya yi masa kiɗa.

Yanzu samunsa ya fi da sauƙi. Kamfanin Hamster ya fitar da shi cikin jerin Arcade Archives a 2022 don PS4 da Nintendo Switch. City Connection kuma ta fitar da na Saturn ɗin a 2023 da sunan Metal Black S-Tribute, har da na kwamfuta ta Steam. In tsohuwar PS2 gare ka, nemi faifan Taito wurin masu gwanjo, ka duba bayansa da kyau kada ya zama ya kakkarce. A waya ban ba ka shawara ba sai in za ka haɗa mata hannu, don yatsa a kan gilashi ba ya iya turereniyar.

Ƙanena na Fagge, G-Darius na cikin wannan faifan naka na PS2, amma kada ka taɓa shi tukuna. Ka fara wuce bos na farko, ka kai inda wata ke fashewa, sannan ka rubuto mini ka gaya mini a gwaji na nawa ka ci turereniya. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan hannun PS4 da ke jan gefe shi kaɗai, da yadda ake wanke shi ba tare da an tsinka igiyar ciki ba.